Mayar da gidan zama wurin hayar biki: abin da za ki auna kafin ki kira magini

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da gida a Kano da muka gada ni da ƙannena, filinsa ƙafa 100 da 100, ɗaki huɗu da babban falo, ga tsakar gida mai faɗi, kusan ƙafa 60 da 70. 'Yan haya sun tashi. Ana ba ni shawara in daina bayar da hayar shekara, in gyara shi in riƙa bayarwa ana kamu da walima da suna da dina, wai biki uku kaɗai ya fi kuɗin hayar wata shida. Me ya kamata in sani kafin in zuba kuɗi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Sana'ar tana da riba, kuma gida yana da abin da babban zauren biki ba shi da shi: akwai ɗakin da za a yi wa amarya kwalliya, akwai inda dangin da suka zo daga nesa za su ajiye kaya su huta, akwai madafa, ga sirri ga matan da ba sa son a kai su otal. Amma wanda ya zana gidan nan ya zana shi ne don mutum goma ko goma sha biyar. Ƙofarsa, wayar wutarsa, ramin banɗakinsa, layin da yake ciki, duk da wannan adadin aka auna su. Ranar da kika zuba mutum 300 a ciki, kowanne daga cikinsu zai nuna miki iyakarsa, kuma ba fenti ko fitilun ado ne za su hana ba. Don haka kuɗinki na farko abubuwan da ba a gani a hoto zai tafi.

Tunda gado ne, fara da ƙannenki. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu gaban shaidu: wa zai zuba kuɗin gyara, yaya zai fanshe, wa zai riƙe littafin kuɗi, kuma idan ɗan gida ne zai aurar da 'ya, kyauta za a ba shi ko rabin kuɗi. Wannan na ƙarshen kar ki raina shi, domin ranakun da 'yan uwa ke so su ne ranakun da suka fi tsada.

Sai takarda. Duba shaidar mallakar filin, akwai inda aka rubuta abin da aka bayar da shi dominsa. Idan an rubuta wurin zama, to mayar da shi wurin kasuwanci yana buƙatar izinin sauya amfani, ta ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane ta KNUPDA. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takardar wanda ya saɓa sharuɗɗan da ke cikinta, kuma tun kafin a kai can, ƙorafin maƙwabci ɗaya ya isa a zo a shafa miki jan fenti a katanga. Ki yi wa sana'ar rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ki buɗe mata asusun banki nata daban, ki je hukumar tara haraji ta jiha da ƙaramar hukumarku ki ji abin da ke kanki, ki gayyaci hukumar kashe gobara su duba su ba ki takarda. Ki kuma je ofishin Hisbah na yankinku da ƙafarki tun kafin ki buɗe, ki karɓi sharuɗɗansu kan cakuɗuwar maza da mata, kiɗa da lokacin tashi. Gara ki san su a ofis da ki fara ganinsu a bakin get ana tsakiyar kamu.

Yanzu lissafin da komai ya rataya a kansa: mutum nawa gidan zai ɗauka. Ƙafa 60 da 70 ya kama kusan murabba'in mita 390. Cire dandamalin amarya, mita 4 da 6. Cire filin da za a fito a yi rawa ko liƙi, kamar mita 6 da 6. Cire hanyar tsakiya da amarya za ta bi, wadda bai kamata faɗinta ya gaza mita 2 ba, da teburin abinci, da inda mai kiɗa zai kafa kayansa, da hanyoyin gefe na masu raba abinci. Duka za su cinye kusan 120, ya rage 270. Idan zaman tebur ne, kowane mutum yana cin kimanin murabba'in mita 1.3, wato mutum 200 ke nan, tebur 25 masu faɗin ƙafa 5 da ke ɗaukar mutum takwas-takwas, ko 20 masu ƙafa 6 da ke ɗaukar goma. Idan jeren kujeru ne irin na walima da wa'azi, mutum yana cin 0.7, filin zai ɗauki sama da 350. To amma fili ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Ƙofa da banɗaki da wurin ajiye mota su ma suna da nasu adadin, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne adadin gidan. A irin gidan da kika kwatanta, ki tsaya a 200 zuwa 250, ki rubuta shi a takardar haya da manyan baƙi.

Kin kuma san bikinmu. Uwar amarya za ta rantse kati 200 ta buga, amma kowace mai kati da ƙanwarta da 'yar aikinta da yara biyu da goyo, ga 'yan gayyar soɗi da suka ji kiɗa daga bakin titi. Wanda ya ce miki 200, shirya wa 300, ko ki faɗa masa tun farko cewa mai gadi zai ƙirga ya rufe. Idan ba za ki iya cewa haka ba, kar ki karɓi dinar manyan gida. Gidanki na kamu ne da sa lalle da wuni da walimar sauka da suna.

Ƙofa ita ce abin da na fi so ki daɗe a kai. Yawancin gidajenmu get ɗaya ne, da 'yar ƙaramar ƙofa a jikinsa mai faɗin santimita 80 ko ƙasa da haka. Ranar biki sai a garƙame babban get ɗin da kwaɗo don hana 'yan soɗi, mai gadi ya sa makullin a aljihu ya tafi sallah ko karɓo abinci, kowa ya riƙa bi ta ƙaramar. Irin wannan ƙofa da kyar take fitar da mutum 50 a minti guda idan hankali kwance yake. Mutum 300 minti shida ke nan. Idan kuwa labulen ado ya kama wuta, ko wani ya yi ihun ɓarayi, ba wanda zai bi layi. Mata da dogayen kaya da takalma masu tsini da goyo za su cunkushe a bakin ƙofar, wadda kuma ciki take buɗewa, nauyin mutane ya danne ta. A watan Satumba na 2023, a garin Hamdaniya na ƙasar Iraƙi, wasan wuta da aka kunna cikin zauren biki ya kama silin, fiye da mutum 100 suka rasu, kuma kayan adon da ke saurin kamawa da rashin isassun hanyoyin fita suna cikin abin da ya jawo yawan asarar. Saboda haka ki fasa katanga ki yi ƙofa ta biyu, nesa da ta farko, faɗinta aƙalla mita 1.5, mai buɗewa waje, mai sakata ta ciki ba kwaɗo ba. Babban get a rufe shi da sakata kawai, mutum yana tsaye a wurin daga farko har ƙarshe. Kada mota ko Adaidaita Sahu ko tukunyar masu abinci ta tsaya a gaban ɗayansu. A saman kowace ƙofa a sa fitila mai caji da za ta kama da kanta idan wuta ta ɗauke, domin lokacin da ake canjawa daga wutar KEDCO zuwa janareto, duhun daƙiƙa ashirin ya isa a tattake yaro.

Abin kashe gobara: mai hoda na kilo 9 guda huɗu, ɗaya a madafa, ɗaya kusa da janareto, ɗaya bayan dandamali, ɗaya a bakin get, mai iskar CO2 na kilo 5 kusa da akwatin wuta da kayan mai kiɗa, don hoda tana lalata na'ura, da bargon kashe wuta a madafa, saboda man da ya kama a kasko ruwa ƙara masa yake yi. A rataye su inda ido ke gani, kuma masu ado kada su lulluɓe su da yadi don wai suna ɓata hoto. Za su yi, sai kin hana. Tartsatsin da ake kunnawa lokacin shigowar amarya, ki haramta shi a ƙarƙashin rumfa da cikin falo. Turaren wuta ba za ki iya hana shi a bikin Hausa ba, sai dai ki tsara shi: kasko a kan faranti na ƙarfe ko tayil, nesa da labule, mutum ɗaya ke yawo da shi. Garwashi ɗaya da ya faɗo kan kafet ya bar rami ke nan har abada.

Idan gidan yana da bene ko dakin, wato rufin kankare, da aka yi niyyar ɗora sama, kada ki bari a hau a yi taro. Dakin gidan zama ana lissafa shi ne da nauyin kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita, wurin taro da rawa kuwa ana lissafa shi da 400 zuwa 500. A 2001 a birnin Ƙudus daɓen hawa na uku na wani zauren biki ya rufta ana tsakiyar rawa, mutum 23 suka mutu. Baranda ma a kulle ta, don nan 'yan kallo da masu ɗaukar hoto ke taruwa su jingina da ƙarfen da ba a yi shi don haka ba. Akwai kuma dakin da kowa ke mantawa da shi, murfin sokawe. Sau da yawa yana tsakar gida an shimfiɗa masa intalok, ba mai sanin yana wurin. Nemo shi, a kira injiniya ya duba, a kewaye shi da tukwanen fulawa ko a ƙarfafa shi. Kada motar kaya ta taka shi, kada a kafa dandamali a kansa.

Wuta. Gidan zama yawanci layi ɗaya ake ja masa, kuma soket ɗinsa waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, wadda abin da za ta ɗauka lafiya bai wuce amfiya 20 ba, kusan kilowat 4 da rabi. Mai kiɗa zai zo ya jona amfilifaya a soket ɗin falo, mai kwalliya ta jona na'urar busar da gashi mai cin kilowat 2 a ɗaki, masu abinci su jona abin ɗumama, duk a waya ɗaya. Idan abin katse wuta mai kyau ne, zai faɗi ana tsakiyar shigowar amarya. Idan kuma wani mai gyara ya taɓa ɗaure shi da waya don ya daina faɗuwa, to wayar ce za ta yi zafi cikin silin, ba wanda ya gani. Abin yi shi ne a jawo layi uku daga KEDCO, a kafa sabon akwatin raba wuta na biki daban da na gida, a fitar da layi guda na mai kiɗa, guda na fitilu da allon bidiyo, guda na masu abinci, kowace esi da nata layin na waya mai kauri 4. Soket ɗin waje su zama masu murfi, a sa abin katse wuta mai jin yoyo, a kuma binne sandar ƙasa yadda ya kamata, domin rumfar ƙarfe da ruwan sama da waya mai tabo idan suka haɗu, kisa suke yi.

Ga kimanin nauyin. Falo mai mita 8 da 12 da mutum 70 a ciki, a zafin Afrilu: ɗakin kansa yana buƙatar sanyi kusan BTU 58,000 (BTU shi ne ma'aunin sanyin esi), kowane mutum kuma yana ƙara kusan 450, jimla wajen 90,000, wato esi mai doki 2 guda biyar, don kowace tana ba da 18,000. Guda biyu kawai a falon ba za su yi komai ba, mutane za su ce esinki ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Biyar ɗin za su ci kusan kilowat 10. Ƙara manyan fankoki 20 na tsakar gida, kilowat 4. Kayan kiɗa 4. Fitilu da allo 5. Firji, famfon tura ruwa, esin ɗakuna da kayan kwalliya, 6 ko 7. Kin tashi da kusan kilowat 30. Janareto ana rubuta ƙarfinsa da kVA, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan lamba ne ainihin kilowat ɗin da zai bayar, sannan ana bar masa sarari saboda fizgar da esi ke yi idan za ta tashi. Don haka mai kVA 50 kike buƙata. Dizal kuwa kusan lita 0.3 ne ga kowane kilowat a awa, wato lita 9 a awa. Biki awa huɗu ne a kati, amma masu ado da mai kwalliya da gwajin sauti suna buƙatar wuta tun da rana, don haka ki lissafa awa bakwai, lita 60 da ɗoriya. Kada ki saya tun farko idan jari bai kai ba. Ki yi haya biki-biki na wata shida ki ga yadda kasuwa take. Ko na haya ko naki, a ajiye shi a sarari, aƙalla mita 6 daga taga da rumfa, bakin salansa yana kallon nesa da mutane da kuma tagar maƙwabci. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, ita ce take kashe mutane a barci, kuma gidan da baƙi za su kwana a ciki ya fi kowanne haɗari. Tsakar gidan kuma kada ki yi tunanin sanyaya ta da esi sai in rufe ta za ki yi gaba ɗaya, wannan kuwa wani gini ne daban da wani izini daban.

Banɗaki shi ne abin da mata ke tunawa bayan sun manta kalar ado. Ki lissafa ɗaya ga kowace mace 40 zuwa 50, wato biyar ko shida, a gina su a jere a waje don kada jama'a su riƙa ratsa ɗakuna. Biyu na tsuguno, saura na zama saboda tsofaffi. Na maza biyu can kusa da get, na direbobi da masu kiɗa da masu kaya. Wurin alwala mai famfo shida da magudana, da ɗaki ɗaya ko gefe guda da aka shimfiɗa don sallah, saboda kamu da wuni kusan kullum suna ratsa la'asar da magariba. Ruwa, ki ba kowane mutum lita 12, mutum 250 lita 3,000, ga wanke-wanke da wanke fili wajen 2,000. Tankin sama na lita 5,000 a cike tun safe, ko da kina da rijiyar burtsatse, don famfo yana iya ƙonewa ranar da ba a so. Abin da ke toshe bututu kuwa sananne ne: famfas ɗin yara, audugar mata, ledar ruwa. Bokiti mai murfi a kowane banɗaki, da mace ɗaya da aikinta ke nan tun daga farko har a tashi, tana sharewa tana tsane ƙasa. A madafa a yi ƙaramin rami mai tace maiƙo kafin ruwan ya shiga magudana, in ba haka ba man da shinkafar da ake wankewa za su daskare cikin bututu a wata uku. Idan girkin itace za a yi, a can bayan gida, a kan ƙasa ko yashi. Wuta tana fasa intalok tana baƙanta katanga.

Duk wannan kuɗi ke gyara shi. Abin da kuɗi ba ya gyarawa shi ne maƙwabta, kuma su ne suka fi rufe irin waɗannan gidaje. Mota ɗaya tana buƙatar kusan murabba'in mita 25 idan an haɗa da wurin juyawa. Bikin mutum 250 yana iya kawo mota 40, wato murabba'in mita 1,000, ya fi filin gidanki gaba ɗaya. Ina za su tsaya? Idan amsar ita ce ƙofar gidajen mutane, to ranar da aka toshe wa mai naƙuda ko mara lafiya hanya, ranar sana'ar ta fara mutuwa. Nemi kango ko filin makaranta mai zaman kanta a kusa, ki yi yarjejeniyar biya biki-biki, ki ɗauki samarin unguwa uku ko huɗu masu riga iri ɗaya su riƙa tsara motoci suna gadinsu. Idan layinku matsattse ne da mota biyu ba sa wucewa, kuma babu fili a kusa, shawarata ki bar maganar nan, ki mayar da gidan hayar shekara ko makaranta. Idan kuma a bakin babban titi yake, ki san za ki yi hulɗa da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA.

Sauti kuma, akwai dokar hana ƙara ta hukumar NESREA ta 2009, wadda ta fi tsanantawa da dare, amma tun kafin doka akwai haƙƙin maƙwabtaka. Ƙara tana raguwa da kusan desibel 6 ne kawai a ma'aunin ƙarfin sauti duk lokacin da nisa ya ninka, kuma dukan ganga mai kauri da manyan sifiku ke fitarwa katanga ba ta tare shi, shi ne ke kaɗa tagar mutane. Maganinsa ki kafa naki kayan sauti: ƙananan sifiku shida ko takwas a rarrabe, suna kallon ƙasa da cikin fili, maimakon manya biyu da ake ƙure wa murya don na baya ya ji. Mai kiɗa ya zo da kwamfutarsa ya jona a naki, maɓallin ƙarshe yana hannun yaronki. A kashe da kiran sallah, a tashi kafin ƙarfe 10 na dare, in ma da hali 9. Kafin ki fara, ki tura babban namiji a gidanku ya gaida mai unguwa da limamin masallacin layin, a zauna da gidajen da ke manne da ku, a ba su lambar wanda za su kira. Ranar da maƙwabci ke da biki ko zaman makoki, ki ba shi wurin ko kujeru kyauta. Idan an yi rasuwa a layin ranar da aka kama wurin, a yi bikin ba kiɗa, kuma wannan ma ya shiga takarda tun farko. Shara a kwashe ta a daren, a kai inda hukumar kwasar shara ta REMASAB ke ɗauka, kada gari ya waye robobin abinci na yawo a kwatar mutane. Ki kuma sa fitila mai haske a waje da 'yan sintiri biyu lokacin tashi, saboda masu ƙwacen waya sun san lokacin da mata ke fitowa jiran abin hawa.

Wa za ki ba haya? Wannan tambayar ta fi ta nawa za ki karɓa. Gida mai ɗakuna da katanga yana jawo wasu masu neman inda ba ido: samarin da za su ce zagayowar ranar haihuwa ce ta mutum 20, ɗaliban da suka gama jarrabawa, masu son kwana. Kamfanin Airbnb, da yake harkar hayar gidaje ta ɗan lokaci a duniya, ya hana yin fati a gidajensa a 2020, ya kuma mayar da hanin na dindindin a 2022, saboda ɓarna da rikici da ƙorafin maƙwabta. A Kano kuwa giya haramun ce a doka, kuma idan aka kama wani abu a gidan, sunanki ne a takarda. Ki tsaya ga bukukuwan iyali. Wanda zai sa hannu ya zama babba, uba ko uwa ko waliyyi, da katin shaidarsa da katin gayyatar bikin. Kwana kuma ga mata dangin amarya kawai, a rubuta sunayensu, mai gadi ya rufe get a lokacin da aka sa. Kyamarar tsaro a get da waje da hanyar shiga. Kada ta kalli ɗakuna, banɗaki ko inda mata ke cire mayafi, kuma a faɗa wa mai haya inda suke.

Takardar hayar ta ƙunshi rana, awar shiga ta masu ado, awar tashi, kuɗin kowace awa da aka ƙara, adadin mutane, wa zai sayi dizal, da abin da ke cikin kuɗin: kujera nawa, tebur nawa, ɗaki nawa. A karɓi rabin kuɗi a kama rana, a cika saura mako guda kafin biki, domin bin bashin biki bayan an kai amarya wahala ce da kowa ya sani. A karɓi kuɗin ajiya na ɓarna daban, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a mayar cikin kwana biyu idan komai lafiya. Kafin shiga da bayan fita a zagaya tare da wakilin mai biki, ana ƙirga kujeru ana ɗaukar bidiyo a waya. Masu ado su ne manyan masu ɓarna, ba baƙi ba: ƙusa a bango, gam mai zafi a jikin fenti, waya ɗaure a fanka. Ki sa a kafa musu ƙugiyoyi da sandunan ƙarfe na dindindin a inda ake rataya yadi, sannan ki hana ƙusa gaba ɗaya. Ranar sa lalle a shimfiɗa leda a ƙarƙashin tabarma, a cire fararen rigunan kujera. Ɗakin amarya ya zama da makulli, a miƙa shi ga mutum ɗaya daga danginta, a rubuta cewa gwal da waya da kuɗin liƙi amanar masu su ce. Shi kansa liƙin, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta, kuma a 2024 EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka, don haka ki ajiye ƙwarya ko faranti a gaban amarya.

Batun fasawa yana da ɗan zurfi. Aure ana ɗaga shi, wani lokaci a fasa, wani lokaci rasuwa ta gitta. Riƙe kafin alƙawari gaba ɗaya idan mutum ya fasa abu ne da malamai suka yi saɓani a kai: Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, ba ta yarda da shi ba, Hambaliyya ta halatta. Ki zauna da malami ya duba miki lafazin takardar. Abin da ya fi kawo zaman lafiya a aikace shi ne a ba mutum damar sauya rana sau ɗaya kyauta, idan kuma ya fasa kuma wani ya kama ranar, a mayar masa da kuɗinsa. Babban abin kunya a sana'ar shi ne ba mutum biyu rana ɗaya. Littafi ɗaya, hannu ɗaya ke rubutu a ciki, kuma rana ba ta kamu ba sai kuɗi ya shiga asusu.

Sai maganar da aka faɗa miki, wai biki uku ya fi hayar wata shida. Wanda ya faɗa ya ƙirga abin da ke shigowa ne bai ƙirga abin da ke fita ba. Biki yana da kaka: Rajab da Sha'aban ana rububi kafin azumi, bayan ƙaramar sallah da babba, da hutun Disamba. Ramadan kusan babu komai sai ɗan buɗa-baki. Yuli da Agusta ruwa yana korar mutane daga fili sai in rumfarki ta kwano ce mai indararo kuma ƙasan yana da gangare zuwa magudana. Rumfar tamfol iskar farkon damina tana ɗaga ta idan ba a ɗaure ƙafafunta da nauyi ba. Ki yi lissafinki da biki 40 zuwa 50 a shekarar farko, ba fiye ba. Daga kuɗin kowanne ki cire dizal, masu shara, mai kula da banɗaki, masu gadi da masu tsara motoci, hayar filin mota, wankin rigunan kujera da kwasar shara. Daga jimlar shekara ki cire albashin mai kula da wuri da mai gadi, kuɗin mita, haraji, inshorar gobara da ta raunin baƙi, wadda akwai ta takaful ga mai gudun ta riba, fenti sau biyu, yashe sokawe, da sauya kujerun da suka karye. Abin da ya rage ki cire masa hayar shekarar da kika bari, don ita ba ta buƙatar ki tashi daga barci. Ragowar ita za ki raba kuɗin gyara da ita ki ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya dawo. Idan ya wuce shekara uku, a sake tunani. Farashin kuma ki zagaya wurare huɗu ko biyar masu girman naki a yankinku ki tambaya kamar mai neman haya, ki ji me suke haɗawa a ciki.

Kafin ki fasa ko bulo ɗaya, ki gwada. Bayan kin gama da mai unguwa da maƙwabta, ki ba wata 'yar uwa wurin ta yi walima ko suna na mutum 100 da rana, da kujeru da rumfa da janareto na haya. Ki sa mutum ɗaya a get yana ƙirga masu shiga da motoci, ɗaya yana duba tanki duk awa, mai gyaran wuta yana taɓa wayoyin akwati ya ji wacce ke ɗumi, ke kuma ki fita ki tsaya a ƙofar gida na uku daga naku ki saurari abin da suke ji. Washegari da safe a buɗe murfin sokawe a ga inda ruwa ya kai.